Intabiyun Mai Wankin Kwalabe

Shekara biyu bangon ɗakina yana haɗe da nata kafin in san ko ita wace ce. Gidan haya ne mai ɗaki tara, famfo ɗaya a tsakar gida, da igiyar shanya biyu da kullum ake rigima a kansu. Ni ce a ɗaki na huɗu, da keken ɗinkina a bakin taga. Ita ce a na biyar. Da safe, kafin in gama share ƙofar ɗakina, za ta fito da jaka a kafaɗa, ta ce, "Anti, ina kwana," ta wuce. Da yamma ta dawo, "Anti, sannu da aiki," ta rufe ƙofa. Duk inda ta gifta sai ta bar ƙamshin sabulu, shi ya sa matan gidan suka sa mata Kumfa. Ban taɓa jin ta amsa sunan ba, ban kuma taɓa jin ta hana ba.

A kamfanin sabulu take aiki, can bayan layin dogo, a ɗakin gwaji. In ka ji an ce ɗakin gwaji sai ka ɗauka wata babba ce. Kwalabe take wankewa. Masu farar riga su auna, su zuba, su rubuta, su tura mata kwalaben a cikin baho, ita kuma ta wanke, ta ɗauraye sau uku, ta kife su a kan tebur. Tafin hannunta ya yi fari fat, ya yi kaushi, yatsun duk sun tsattsage a gefen farce. Babu mai zuwa wurinta. Ranar hutu ma ƙofarta a rufe, sai dai ka ga takalminta ƙafa biyu a bakin ƙofa ka san tana ciki.

Wata rana da yamma ina kafa hannun riga sai na ji murya ta bango. Ita ce take magana da Turanci, a hankali, kamar mai ba wani amsa. Ta yi shiru, ta sake farowa daga farko. Washegari haka, jibi haka. Matar mai gyaran rediyo ta ce ai Kumfa ta yi saurayi a waya. Matar direba ta ce ba saurayi ba ne, zaman kaɗaici ne ya fara taɓa ta, ita ta san wata a unguwarsu da haka ta fara. Ni dai ban yarda ba, don ni ce mai jin muryar da kyau, kuma ban taɓa jin an yi hira da saurayi ana maimaita magana ɗaya sau shida ba.

Ranar Asabar sai ga ta a ƙofata da yadi ruwan toka a leda.

"Anti, riga da siket nake so. Ba ado, ba komai. Irin wadda in mutum ya shiga ofis ba za a kalle shi sau biyu ba."

"Wannan yadin ai ko ado aka yi masa ba mai kallonsa," na ce. "Aiki za ki canja?"

Ta buɗe jaka ta miƙo mini wata takarda da ta sha ninki har ta fara yagewa a tsakiya. Na ce ta karanta mini, tabarauna ya yi nisa. Wasiƙa ce daga jami'a. Sun ga sakamakon jarrabawarta, suna gayyatarta intabiyu nan da kwana goma sha tara, a sashen injiniyancin sinadarai. In ta ci, an ɗauke ta.

"Wace jarrabawa kuma?"

"Na sake rubutawa bara. Tawa ta farko ta tsufa."

"Wa kika faɗa wa?"

"Ke ce ta farko."

Na sa ta tsaya na fara awo, ita kuma kamar an kwance bakin buhu. A ranar na ji tarihinta, ina rubuta faɗin kafaɗa da tsawon hannu a bayan kwalin zare.

Mahaifiyarta ta rasu tana aji biyu na sakandare. Mahaifinta direban tanka ne. Yayyenta maza biyu, ita ce auta. A shekarar da ta gama makaranta, ita ce ta ɗaya a darasin sinadarai, malaminsu har gida ya zo ya ce kada a bar yarinyar nan ta zauna. Ba a yi wata biyu ba Baba ya faɗi a tashar manyan motoci, aka kawo shi gida ɓarin jikinsa na dama ya shanye. Yayyen duk sun yi aure, kowa yana wani gari da aikinsa. Suka zo, aka zauna a falo, babban ya ce, "To, wa zai zauna da Baba?" Babu wanda ya ambaci sunanta. Kallonta kawai suka yi. Aka ce shekara ɗaya ce, kafin ya ji sauƙi.

Shekara goma sha uku ta yi. Ta samu aikin kwalabe daga safe zuwa ƙarfe biyu, wata maƙwabciya tana leƙa shi kafin ta dawo. In ta dawo ta juya shi, ta goge masa jiki, ta canja zanin gado, ta ba shi abinci da cokali. Shekara huɗu na ƙarshe bakinsa ya daina fita. Ta ce shirun gidan ne ya fi komai damunta, sai ta ɗauko tsofaffin littattafanta na makaranta tana karanta masa da ƙarfi. Shi ba ya gane komai a ciki, amma in ta tsaya sai ya buga gefen gado da hannun hagu, wai ta ci gaba. Da ya rasu aka sayar da gidan, kowa ya kama gabansa. Ita ta zo ɗaki na biyar da gado, da akwati, da kwali ɗaya na littattafai.

"To shi wannan karatun," na ce, "na mene ne? Ba dai haɗa sabulun ba ne? Ai kin iya."

Karo na farko ke nan da na ga haƙoranta.

"Anti, in aka ce ki ɗinka riga ɗaya, da in aka ce ki ɗinka dubu biyar kullum, duk iri ɗaya, kada ɗaya ta fi ɗaya, aiki ɗaya ne?"

"Ina fa. Na biyun sai asibiti."

"To masanin sinadarai zai haɗa miki sabulu a kofi. Injiniyan sinadarai shi ne zai haɗa shi a tukunyar da ta fi ɗakin nan girma, kullum, kada ta yi ambaliya, kada ta ƙone kowa, kada a yi asarar mai."

Ta ce wani tsohon injiniya ne ya sa mata abin a rai. Ma'aikata suna ce masa Baba Tururi, don shi ke kula da manyan tukwanen da ake dafa mai da soda da tururi. In ta je karɓo samfur sai ya tsare ta da tambaya. Me ya sa ake watsa gishiri a tukunya a ƙarshe? Me ya sa bututun nan yake sanye da bargo, wancan kuma tsirara? In ba ta sani ba, ba zai faɗa mata ba, sai ya ce, "Je ki wanke kwalabenki, ki yi tunani." Wani lokaci sai ta yi sati tana juya tambaya ɗaya a bakin baho. Ya yi ritaya, ya koma wurin 'yarsa. Da wasiƙar jami'a ta zo, lambarsa ta fara nema. 'Yar ce ta ɗauka, ta ce ai Baba ya rasu wata biyar da suka wuce, ba su san wa za su sanar a kamfanin ba.

Daga ranar na zama mai yi mata intabiyu. Tana da wani gwangwanin madara cike da ƙananan takardu, lakabin sabulun da aka buga ba daidai ba aka zubar, ta yanka su ta rubuta tambaya a bayan kowanne. Ashe da su take hira ta bango: ta zaro ɗaya, ta karanta wa kanta, ta ba kanta amsa. Yanzu in ta dawo aiki sai ta shigo ɗakina, ta zauna a kan kujerar masu jiran ɗinki, ta haɗe gwiwa, ni kuma in sa tabarau in zaro takarda. Turancina na aji shida ne, kalmomin nan kuwa wasu sun fi zaren da ke cikin kwarkwaro tsawo. In na karanta wata sai ta ce, "Anti, sake," in na sake sai ta karɓi takardar ta duba, ta ce, "Au, wannan ce." Sai ta yi ta bayani, tana zana tukunya da bututu a iska da yatsa. Ko ɗigo ba na ganewa. Aikina in ɗaure fuska in ce, "Hmm. Ci gaba." Ta ce na fi kowane farfesa ban tsoro.

Abin da na iya gyarawa na gyara. Na ce ta daina kallon ƙasa in tana magana. Na ce ta daina ɓoye hannuwanta a ƙarƙashin jaka.

"Sun yi muni, Anti."

"Sata kika yi da su? Ɗora su a kan tebur."

Tambaya ɗaya ce ta gagare ta, ita ce kuma wadda ni na gane: me ya sa kike son wannan karatu? Duk sanda ta fito sai ta miƙe wuya ta ce tana so ta ba da gudummawa wajen ci gaban masana'antu da bunƙasar ƙasa.

"Wannan amsar rigar aro ce," na ce mata. "Kafaɗar ta yi miki yawa. A ina kika samo ta?"

"A waya na gani. Haka aka ce ana faɗa."

"To su ma sun gani a wayar. Faɗa mini da Hausa, ni da ke."

Can ta ce, "Shekara goma sha huɗu ina wanke abin da wasu suka yi tunani a cikinsa. Ana kawo mini kwalba da sauran abu a gindinta, in san daga wace tukunya ta fito, in san ma wani lokaci abin ya lalace tun kafin su faɗa. Amma ban san lissafin ba. Kamar mutum ne yana jin ana hira a ɗaki, ya san muryar kowa, ba a taɓa ce masa ya shigo ba."

"To ki faɗa musu haka."

"Za su yi dariya."

"In sun yi, kin ga ke nan kin sa farfesa dariya."

Saura sati ɗaya na matsa mata ta kira babban yayanta. A ɗakina ta kira, ta sa a lasifika don in ji. Ta gaishe shi, ta tambayi matarsa da yara ɗaya bayan ɗaya, sannan ta faɗa masa.

"Jami'a?" ya ce. "Ke auta, a wannan shekarun? Ai ɗiyata ta fari ce za ta shiga baɗi. Aji ɗaya za ku zauna ke nan?" Ya yi dariya, ba ta mugunta ba, irin dariyar da ake yi wa yaro in ya ce zai sayi jirgi. "To aikin naki fa? Kada ki saki na hannu ki kama na guje. Allah dai ya ba da sa'a. Ina kan hanya yanzu, zan kira ki."

Ta ce, "To, Yaya. A gaida gida." Ta kife wayar a cinya, ta ce in zaro wata takardar. Bai kira ba.

Ni na yi mata alkawarin rakiya. Ba wanda ya roƙe ni, ni na ce, "Ranar tare za mu, in zauna a waje in jira ki." Sai ana gobe shugabar wata makaranta da nake ɗinka wa yunifom ta aiko cewa ta matso da ranar karɓa, gobe da azahar take so, ga guda goma sha ɗaya ban sa wa maɓalli ba. Na auna, na zaɓi yunifom. Da na faɗa mata sai ta ce, "Haba Anti, ba komai, ai na saba." Da ta yi fushi da ya fi mini sauƙi.

Da safe ta fito cikin ruwan tokar nan, rigar ta zauna mata ɗas. Ta rungume fayil a ƙirji. Matar direba tana wanki a bakin famfo ta ce, "Kumfa, yau kotu za a?" Ta ce, "Kusan haka ne," ta fita.

Sai bayan la'asar ta dawo. Ta shigo ta zauna, ta cire takalmi, duddugenta ya tashi. Na zuba mata ruwa ta shanye, sannan ta ba ni labari tiryan-tiryan.

Mota biyu ta hau. Ta isa da awa ɗaya da rabi kafin lokaci. Dogon baranda ne a hawa na biyu, da benci a jikin bango, cike da yara 'yan sha bakwai sha takwas, kusan kowa da uwa ko uba. Wannan ana gyara masa kwala, waccan ana tofa mata addu'a. Ta samu ƙarshen benci ta zauna. Wata mata mai kirki ta matso ta miƙa mata biskit, ta ce, "Hajiya, wanne ne naki a ciki?" Ita kuma ta ce, "Bai iso ba tukuna." Haka matar ta yi ta taya ta duban matakala, tana cewa yaran yanzu ba su san lokaci ba. Da aka kira lambarta, ashirin da uku, ta miƙe da fayil ɗinta, ba ta yarda ta waiwaya ba.

Mutum uku ne a ciki: wani dattijo mai furfura a tsakiya, wata mace mai tabarau, da wani matashi da bai ɗago daga takarda ba. Matashin ne ya fara, ya ba ta lissafi a allo: tanki yana cika ta sama, yana zuba ta ƙasa, yaushe zai cika. Ta ɗauki alli, ta rubuta layi biyu, kanta ya ɗauke ɗif. Ta ce tana jin ƙarar fanka kamar a cikin kunnenta take juyawa. Ta juyo ta ce, "Na san hanyar, amma ta ɓace mini." Macen ta ce, "Me ke shiga, me ke fita?" Da wannan ta lallaɓa ta kai ƙarshe, amma ta san ta daɗe, har matashin ya duba agogo.

Sai dattijon ya duba fayil ya ce, "An ce kina aiki a kamfanin sabulu. A matsayin me?"

"Ina wanke kwalabe, ranka ya daɗe."

"To mai wankin kwalabe, in na haɗa mai da soda a kofi, ba abin da zai faru sai ɗan ɗumi. Me ya sa in na yi haka a babbar tukunya sai a ce in yi hankali?"

Ta ce nan ta manta da tsoro, don ta taɓa gani da idonta. Ta ba su labarin ranar da wani sabon ma'aikaci ya buɗe famfon soda gaba ɗaya don ya yi sauri, tukunya ta uku ta kumbura ta yi ambaliya, aka kwana biyu ana kankare ƙasa. Ta ce haɗuwar mai da soda tana fitar da zafi. A kofi, zafin yana da hanyar gudu ta ko'ina. In tukunya ta girma, cikinta yana ƙaruwa fiye da yadda bangonta yake ƙaruwa, zafin ya yi yawa, ƙofar fita ta yi kaɗan. Dattijon ya ce to me za ta yi. Ta ce a zuba sodar kaɗan-kaɗan, a rage tururi, a yi ta juyawa. Ya ce in injin juyawar ya tsaya fa? Ta ce a rufe sodar nan take, kafin ma a nemi mai gyara. Suka yi ta yi, shi yana ɓata abu, ita tana gyarawa, har matashin ya ajiye biro yana kallonta.

"Tambayar tamu fa?" na ce. "Me ya sa kike son karatun?"

"Ba su ma yi ta ba, Anti. Da zan fita dai macen ta ce, wa ya rako ki? Na ce ni kaɗai na zo. Ta ce to ki sauka a hankali, matakalar tana da santsi."

Bayan sati biyar saƙo ya shigo wayarta tana bakin baho. Ta ce ta karanta, ta goge hannu, ta sake karantawa, ta duba ɗakin gwajin: kowa ya sunkuya a kan aikinsa. Sai ta mayar da wayar aljihu ta ƙarasa kwalaben. Da ta dawo gida ta tsaya a ƙofata ta ce, "Anti, sun ɗauke ni," kamar mai cewa an kawo wuta. Ni ce na yi kukan. Ta tura wa yayyenta saƙo. Ƙaramin ya turo hoton babban yatsa. Babban ya kira bayan kwana biyu, ya ce madalla, ya tambaya ko gadon da ke ɗakinta za ta bar shi, don yaronsa yana bukata.

Kamfanin ya yarda ta riƙa zuwa Asabar da Lahadi. Ta koma ɗakin kwanan ɗalibai, aka ba wani mai sayar da takalma ɗaki na biyar.

Sau ɗaya na je ganinta, wajen tsakiyar zangon farko. Na same ta a kan wani benci na siminti bayan ɗakin karatu, tana cin burodi da shayi daga filas, littafi a buɗe a cinya. Ta rame kaɗan. Ta ce su huɗu ne a ɗaki, yaran suna ce mata Mama, sun bar mata gadon ƙasa, suna gaishe ta da ladabi, amma in ta shigo sai hira ta mutu, in ta fita ta ji an ci gaba. Ta faɗi gwajin lissafi na farko. Na biyun ta haye da ƙyar. Ta ce yaran suna da sauri kamar walƙiya, ita kuma sai ta bi abu sau uku kafin ya zauna, amma in ya zauna ya zauna.

"Kina da-na-sani?" na tambaye ta.

"A'a. Wuya dai akwai." Ta rufe filas ɗin. "Jiya aka koya mana abin da ya sa ake naɗe bututu da bargo, da lissafinsa gaba ɗaya. Na fito aji ina ta murmushi ni kaɗai kamar wata taɓaɓɓiya."

Ta raka ni bakin titi. Muna tsaye muna jiran mota ta ce akwai wata yarinya a ajinsu, 'yar siririya mai in'ina, da ta fara zama kusa da ita, jiya har ta nemi aron littafinta.

"Ban sani ba ko ni take so ko littafin."

"Ki ba ta dai," na ce. "A hankali za ki gane."

Mota ta zo, na shiga na samu gefen taga. Ta ɗaga mini hannu sau ɗaya, ta duba agogonta, ta juya da sauri, don tana da darasi ƙarfe huɗu kuma ajin yana can ƙarshen makarantar.